Abin da Dada Ta Faɗa wa Kwamfuta

Limawa, Dutse
9 ga Maris, 2003

Hamma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya zaman Khartoum? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara buɗe ido. Baban Ziyad yana gaishe ka, yara ma haka. Dada tana wurina tun bayan Babbar Sallah, na hana ta komawa Garki. Kumburin ƙafar ya ragu, amma likita ya ce jinin bai sauka yadda yake so ba. Gishiri kuwa in na ɓoye, sai ta aiki jikarta Hadiyya maƙwabta ta karɓo mata. Na ce mata zan rubuto maka, ta ce in gai da mutanen Sudan. Ka san rabonka ke nan, sai ka tsinci taka gaisuwar a cikin taron.

Maganar kwamfutar da ka bar mini ce ta sa na ɗauki biro. Ina nan ina buga wa mutane katin biki da takardun makaranta, Alhamdulillahi. To tun da aka fara shari'a Islamiyyu suka yawaita, kowa Larabci yake nema. Malam Gwadabe, shugaban Islamiyyar su Ziyad, ya ce in zan iya buga musu jarrabawar ƙarshen zango da Larabci, duk makarantun unguwar nan wurina za su dawo, su huta da zuwa Kano. Tamu kuwa ba ta san alifi ba.

Misbahu, ƙanin Baban Ziyad da ke aiki a sakatariya, ya ce akwai sabon Windows da ake ce wa XP, shi yana rubuta Larabci, har ya samo faifansa. Da ya duba tamu sai ya taɓe baki, wai ta tsufa, ba lallai ta iya ɗauka ba. Ya ce ko ta ɗauka, ya fi son a wanke ta tas tukuna. Wankewar kuwa wai goge duk abin da ke cikinta ke nan.

Hamma, kai ka saye ta, kai ka san cikinta. Za ta ɗauka? In kuma an sa mata sabon, abin da ke ciki zai tsira? Wannan ta biyun ta fi damuna, don akwai abin da ba na so ya ɓata. Na hana Misbahu taɓa ta sai na ji daga gare ka.

Af, ka tuna yadda Dada take zagaye ta kamar mai zagaye kare? Yanzu ta daina tsoronta, har ta taɓa zama a gabanta.

Ƙanwarka,
Munira

*

Khartoum
2 ga Afrilu, 2003

Munira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin jin lafiyarku. Ni ma lafiya, sai dai zafin garin nan, wanda in kika gan shi za ki nemi afuwar Dutse. Ki gai da maigidan da yara. Ki tsananta a kan gishirin nan, ko da za a yi fushi da ke.

Yanzu ki buɗe kunne, malaminki zai yi darasi. Kwamfutar nan ta hannu ce, ta riga ta sha duniya kafin ta zo wurinmu. Abin da za a duba shi ne memorinta, wato inda take riƙe aiki lokacin da take yin sa. Nata sittin da huɗu ne. Sabon Windows zai shiga da hakan, amma tafiyar tsohuwar saniya za ta riƙa yi, ki danna abu ki je ki ɗora tukunya ki dawo ba ta buɗe ba. Misbahu ya je Kano ya sayo ƙari a sa mata, ya kai ɗari da ashirin da takwas. In an yi haka za ta ɗauka, ba gudu ba dai, amma za ta kai ki.

Batun wankewa kuwa Misbahu ya yi gaskiya. Cikinta cike yake da tarkacen mai ita na farko. Ba a ɗora sabon jinka a kan ruɓaɓɓen tanka. Takarduna duk na taho da su. Naki kuma ki kwashe a ƙananan faifan nan na filofi, ai guda biyu ko uku sun ishe ki. Me kika tara ne haka da kike fargaba, ko katin bikin mutanen Limawa ne ya zama dukiya?

Kaset ɗin da kuka aiko ta hannun ɗaliban da suka dawo hutu na saurare shi ya fi a ƙirga. Kowa ya yi magana, har Hadiyya da karatunta. Dada kuwa tarinta kawai na jiyo daga nesa. Abokan ɗakina suka tambaya ina muryar tsohuwa, na ce musu mu Fulani ne, kuma ni ɗan fari ne, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta aiko masa saƙo. Suka yi ta mamaki, ni ma na taya su dariya. Amma gaskiya, Munira, na kusa arba'in, kuma ban san yadda sunana yake a bakinta ba. Na san al'ada ce, ban riƙe ta da komai ba. Zaman baƙunta ne yake sa mutum tunanin banza.

Kada ki sa Malam Gwadabe jira. Irin wannan dama ba ta sallama sau biyu.

Yayanki,
Bubayero

*

Limawa, Dutse
27 ga Afrilu, 2003

Hamma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yara lafiya. Jikin Dada dai sai addu'a, kwanan nan tana yawan cewa kanta yana sarawa, hannun dama kuma yana mata nauyi.

Na karanta darasinka, Allah ya ƙara ilimi. Misbahu ya sayo memorin ya sa, yanzu tana tashi da wuri. Amma ban yarda a wanke ta ba, kuma ba zan yarda ba. Abin da nake magana a kai ba takarda ba ne, sauti ne, kuma ya fi ƙarfin filofi, na gwada ya ƙi shiga. Misbahu ya ce akwai injin da ke zuba abu a faifai, amma a ofishinsu guda ɗaya ne kuma yana ɗakin babba a kulle. Na ce to a ɗora sabon a kan tsohon kada a goge komai. Ya ce ana yi, amma in wuta ta ɗauke a tsakiya bai ɗauki alhaki ba. Ka kuwa san wutar garin nan.

Za ka ce in kanga rakoda a bakin sifika in juye a kaset. Na san da wannan dabarar, ba ni da ikon yi ne. Kada ka tambaye ni dalili. Amana ce, kuma rantsuwa aka sa na yi. Wallahi Hamma da zan iya faɗa maka da tun a takardar farko na faɗa. Da na karanta ƙarshen taka takardar sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Malam Gwadabe ya aiko sau biyu. Baban Ziyad ya fara cewa ina wasa da abincina, Misbahu kuma yana ganin na raina masa sani. Gaba kura baya sayaki. Abin da nake roƙo shi ne ka rubuto wa Misbahu da kanka cewa a bar ta yadda take har ka dawo a ƙarshen shekara. Maganarka yake ji. Jarrabawar bana su kai Kano, ban damu ba.

Don Allah ka yarda da ni ko da ba ka gane ba.

Ƙanwarka,
Munira

*

Khartoum
19 ga Mayu, 2003

Munira,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Dada lafiya. Nauyin hannun nan bai kwanta mini ba, ku koma asibiti kada ku jira ranar da aka ba ku.

Takardarki ta ba ni haushi, ba zan ɓoye miki ba. Kafin ta iso, Misbahu ya riga ya aiko mini da imel daga ofishinsu. Ya ce ya ga wani ƙaton sauti a ciki, babu suna a kansa, ya nemi ya saurara ya tarar kin cire sifikun kin ɓoye. To mene ne mace za ta ɓoye wa mijinta da ƙanin mijinta da yayanta? Na san ku da waƙoƙin finafinan nan. Wata ƙawarki ce ta zuba miki, ta sa ki rantse don yanzu gari na shari'a ne, kowa yana kunyar a ji shi da kiɗa. Ba zan ce kin yi kisan kai ba, amma a ce don waƙa za ki kori Islamiyyun unguwa guda? Haba Munira. Ke ce mai hankalin gidanmu fa.

Ba don ado na bar miki injin nan ba. Na bar miki ne don ki tsaya da ƙafarki, kada ki riƙa miƙa hannu ko sabulu za ki saya. Tsoron sabon abu ne yake damunki, gadon Dada ne, ita ma sai da ta shekara tana hararar fanka.

Saboda haka na yanke hukunci, tun da ni na saya. Yau na mayar wa Misbahu amsa ta imel, na ce ya wanke ta ya sa sabon. Kafin wannan takarda ta iso hannunki ya gama. Za ki yi fushin kwana biyu, in kika ga Larabci yana fita daga firinta za ki sa mini albarka. Waƙa kuma in na dawo na saya miki kaset goma.

Yayanki,
Bubayero

*

Limawa, Dutse
10 ga Yuni, 2003

Hamma,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta.

Dada tana raye. Amma ranar ashirin ga watan jiya ta faɗi a tsakar gida tana alwalar la'asar. Ɓarin dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Tana ji, tana gane mutane, tana bin mu da ido. Likita ya ce ƙafa tana iya dawowa, harshe kuwa sai abin da Allah ya yi. An sallamo mu, tana ɗakina.

Ina asibiti da ita Misbahu ya zo gida da imel ɗinka a takarda. Baban Ziyad ya karanta, ya ga sunanka, ya buɗe masa ɗakin. Suna ganin alheri za su yi mini, in dawo daga jinya in tarar an gama. Ban ga laifinsu ba. Da na dawo na kunna ta, sai ga wani koren tudu da shuɗin sama a fuskarta. Na nemi abina babu. Misbahu ya yini yana nema, har ya kira wani daga Kano, aka ce sabon ya riga ya hau kan wurin. Tambayata ta farko ta sami amsa, Hamma, ta ɗauka. Larabci kuwa sai ka ce a Misira aka haife ta.

Jiya takardarka ta iso. Na ciyar da mutum goma kaffarar rantsuwata, don haka yanzu saurara.

Ba waƙa ba ce. Dada ce.

Bayan Sallah da kwanaki kaɗan ina ɗaukar karatun Ziyad da makirfon nan naka, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Da yaron ya fita ta ce, "Wannan abin, in ya ji magana, tafiya yake da ita?" Na ce a'a. Ta ce, "Ba kamar kaset ba, da za a sa a aljihu a kai Sudan, a kunna a gaban ƙattin maza?" Na ce wannan ko ɗaga shi sai mutum biyu. Sai ta ce in rufe ƙofa. Ta sa na rantse ba zan juye a kaset ba, ba kuma zan faɗa maka ba tana da rai. Ta ce in ta mutu ka dawo, in zaunar da kai a gaban akwatin in fita. Sifikun kuwa a cikin kwallata na ɓoye su don kada yara su kunna. Da na bar su a wurin, da Misbahu ya ji muryarta ya tsaya. Wannan shi ne yake hana ni cin abinci.

Ta juya mini baya ta yi ta magana, rabi Hausa rabi Fulatanci. Ta faɗi daminar da aka haife ka a rugar bayan Garki. Ta faɗi ranar da aka yaye ka Baffa ya zo ya tafi da kai Ringim, ita kuwa ta ɗauki igiya wai za ta itace, ta bi ku daga nesa har kuka hau mota, ta dawo da igiyarta babu ko tsinke. Kakarmu ta tambaye ta me ya sami idonta, ta ce hayaƙi ne.

Ka tuna kana yaro kana ganinta a kasuwar Ringim da ƙwaryar nono, tana wuce ka kamar ba ta san ka ba? Ta ce nono bai fi tsada a Ringim ba, kuma kasuwar Garki tana bakin ƙofarta. Kai take zuwa gani. Tana zama daura da rumfar Baffa ta ga ko ka rame, ko an yi maka aski. Ranar da ka faɗi ka fasa gwiwa a gabanta, ta ce ta danne ƙwaryar da hannu biyu don kada ta tashi, wata mai ƙosai ce ta ɗaga ka. Ta ce har yau tana ƙin matar nan kuma tana sa mata albarka.

A ƙarshe ta yi maka addu'a, kuma ta kira sunanka.

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Na san rubutuna ne ba muryarta ba, kuma na san bambancin. Ba na so ka ɗora wa kanka, ni ma na yi ta zagaye-zagaye kamar mai gudun sunan miji. Amma ka ce ni ce mai hankalin gidanmu, da ka yarda da ni sau ɗaya.

Ƙanwarka,
Munira

*

Khartoum
1 ga Yuli, 2003

Munira,

Wannan ta imel na aiko, Misbahu zai kawo miki. Hanyar da na aiko ɓarna, gara in aiko neman gafara ta nan.

Ki yafe mini. Ki ce wa Misbahu da maigidan babu ruwansu, ni ne. Tun da takardarki ta zo ban shiga aji ba. Na nemi izinin tafiya, sun ce sai an gama jarrabawa, ina nan ina bin ofisoshi.

Mai ƙosan nan na tuna ta. Tabon ma yana nan a gwiwata. Duk shekarun nan abin da na riƙe shi ne Dada tana zaune tana kallo ba ta motsa ba.

Tambaya ɗaya gare ni, kada ki yi mini dariya. Yaya ta faɗe shi? Bubayero ta ce gaba ɗaya, ko yankewa ta yi? Da ƙarfi ko a hankali? Ki tuna da kyau, don Allah.

Yayanki

*

Limawa, Dutse
3 ga Yuli, 2003

Hamma,

Wa alaikumus salam. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Dada ta fara shan kunu da hannun hagu. Ruwa ya sauka sosai, an ce gero a Garki ya kai gwiwa.

Ka sa ni a tsaka mai wuya, don ni ma tun da na yi wayo ban taɓa faɗin sunanka ba. Amma ga shi. Cewa ta yi, "Buba am." Bubana. A hankali, sai da ta ja numfashi tukuna, kuma tana faɗa ta ja mayafi ta rufe fuska, alhali ba kowa a ɗakin sai ni da akwati.

Jiya na durƙusa a gaban gadonta na faɗa mata komai, cewa maganar ta goge, kuma na karya rantsuwa na gaya maka. Ta juya fuska bango. Na ɗauka shi ke nan ta yi fushi da ni. Duk da haka na ɗauko takardarka na karanta mata, har wurin tabon gwiwa, har tambayarka.

Na gama na tashi zan fita, sai ta kamo zanina da hannun hagu. Ba ni take kallo ba, takardar take kallo. Bakinta ya motsa. Babu murya ko kaɗan, Hamma, sai iska. Amma ina kusa, na ga leɓunanta sun haɗu sun rabu, sun sake haɗuwa sun rabu. Sannan ta nemi mayafi, na miƙa mata.

Wannan ba ya shiga kaset, ba ya shiga kwamfuta, kuma ba zan iya aiko maka ba. Ka bar jarrabawar nan ka taho. In ka zo kada ka zauna nesa kamar yadda ka saba, ka matso kusa inda za ka ga bakinta. Ni zan fita in ja muku ƙofa.

Ƙanwarka,
Munira